Gaya tana Sallah, Kamba tana azumi: wa ya kamata a bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kamba, cikin ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi, surukaina kuma suna Gaya a ƙasar Nijar. Akwai shekarun da sukan bugo mana waya da daddare su ce an ga wata a wajensu, gobe Sallah, mu kuma a sanar da mu cewa Sarkin Musulmi ya ce a cika talatin. Sai gida ya rabu, maiɗakina ta ce ita ba za ta yi azumi ranar idi ba, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya ko na ɗauka ko na ajiye. Ga kalandar waya tana nuna wata rana dabam, ga masu cewa a bi Saudiyya kawai a huta. Wa ya kamata mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya maimakon ka yanke wa kanka hukunci, domin wannan mas'ala ta raba gidaje da masallatai da yawa a garuruwan bakin iyaka, daga Kamba har Kangiwa da Dole Kaina. Abin da ya sa take rikita mutane shi ne tambayoyi biyu ne a cikinta ake cakuɗa su. Ta farko ta shafi sama: shin jinjirin wata ya tsaya a wannan maraice, kuma ido zai iya ganinsa? Ta biyu ta shafi ƙasa: wane ne yake da hakkin ya saurari shaidu, ya tace maganarsu, sannan ya ce wa jama'a su ɗauki azumi ko su ajiye? Ta farko tana da masana, ta biyu tana da shugabanni, kuma kai da iyalinka ta biyun ce take ɗaure ku.

Asalin al'amarin a fili yake. An wajabta azumin Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira, kuma Allah ya faɗa a cikin Suratul Baƙara cewa jinjirayen wata su ne ma'aunin lokuta ga mutane da kuma aikin Hajji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi azumi don ganin wata, a sha ruwa don ganinsa, idan kuma aka lulluɓe mana shi a cika lissafi talatin. Wannan yana cikin Buhari da Muslim. Ya kuma nuna da yatsunsa cewa wata yakan zama kwana 29, yakan zama 30. Shi kansa ya azumci Ramadan tara, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa watannin da suka azumta tare da shi masu kwana 29 sun fi masu 30 yawa. Ka lura da sauƙin da ke cikin wannan umarni. Ba a ɗora mana sanin haƙiƙanin inda wata yake a bayan gajimare ba, an ɗora mana abin da makiyayi a daji da masunci a kan Kwara za su iya: ka duba, in an gani ka ɗauka, in ba a gani ba ka cika.

Sai dai gani a wurin malaman fiƙihu ba ya nufin duk wanda ya ce ya gani. A mazhabar Imam Malik, wadda a kanta alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci tun kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahin Gwandu, wata yana tabbata ne ta ɗayan hanyoyi uku: cikar watan da ya gabata kwana talatin, ko shaidar mutum biyu adilai, ko ganin taron jama'a masu yawan da ba zai yiwu a ce sun haɗa baki a kan ƙarya ba. Adili kuma ba kowane mai gemu da carbi ba ne, shi ne Musulmi baligi mai hankali wanda aka san shi da nisantar manyan zunubai da kiyaye mutunci, kuma alƙali ne yake tantance shi. Akwai wata ƙa'ida a cikin Muhtasar na Shaihu Halil da nake so kowane mai gardamar wata ya sani. Idan mutum biyu suka ba da shaidar ganin watan Ramadan, aka yi azumi kwana talatin a kan maganarsu, sannan a daren talatin da ɗaya sama tana garau amma ba a ga wata ba, to an ƙaryata shaidarsu ke nan. Ma'ana, magabatanmu ba su ɗauki shaidar ganin wata a matsayin abin da ba a taɓawa ba, sun san ido yana kuskure, sun kuma tanadi hanyar kama kuskuren.

Yanzu mu zo kan nisa. Muslim ya ruwaito cewa Ummul Fadli ta aiki Kuraibu zuwa Sham wurin Mu'awiya, ya ga watan Ramadan a can daren Juma'a, mutane suka gani, suka ɗauki azumi. Da ya komo Madina a ƙarshen wata, Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa su daren Asabar suka gani, kuma ba za su fasa azumi ba sai sun cika talatin ko sun ga wata. Kuraibu ya ce ashe ganin Mu'awiya da azuminsa bai wadatar ba? Ya ce a'a, haka Manzon Allah ya umarce mu. Da wannan ne Shafi'awa suka kafa hujja cewa kowane yanki mai nisa yana da ganinsa. Abin da ya shahara a wurin Malikawa kuwa shi ne ganin wuri ɗaya yana hawa kan sauran wurare idan labarin ya iso ta hanya ingantacciya, ko da yake Ibnu Abdil Barri ya cire ƙasashen da suka yi nisa ƙwarai, kamar tsakanin Andalus da Hurasan.

A nan dole in faɗa maka gaskiya, domin wasu sukan amsa irin tambayarka da hadisin Kuraibu, alhali bai dace da ita ba. Tsakanin Kamba da Gaya babu bambancin mahudar wata. Tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba, faɗuwar ranarku da tasu ba ta bambanta da minti biyu, kuma iyakar da ta raba ku Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda, sama ba ta san da ita ba. Idan wata ya tsaya a Gaya, to ya tsaya a Kamba. Saboda haka shakkar da ke zuciyarka tana da tushe, ba waswasi ba ce. Abin da ya raba ku shi ne wurin da shaida take tabbata, wato kowane ɓangare yana da shugabancin da yake karɓar shaidu ya yanke hukunci.

A da wannan bai zama fitina ba, saboda labari ba ya gudun da ya wuce na doki. Wanda ya ga wata yakan je wurin limami ko alƙali, a kai magana fada, a buga tambari ko a harba bindiga, ƙauyukan da suka ji su ɗauka, waɗanda ba su ji ba su kwana a kan lissafinsu, kuma babu mai zargin wani. Yana yiwuwa Gwandu da Argungu da Yawuri su saɓa da kwana guda ba tare da talaka ya sani ba sai bayan Sallah, idan fatake sun zo. Da waya da rediyo suka shigo sai ya zama ana iya haɗa ƙasa duka a kan sanarwa ɗaya cikin dare ɗaya, aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, daga baya aka kafa Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci wadda Sarkin Musulmi yake shugabanta, kuma a yau akwai kwamitin duban wata na ƙasa da yake tattara rahotanni ta hannun sarakuna da hakimai kafin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, ya yi sanarwa. Wayar hannu ce ta zo ta juya lamarin, domin yanzu labarin da bai bi ta gaban kowane alƙali ba yana riga sanarwar fada isa cikin ɗakunan mutane. Saƙon murya da ake turawa daga waya zuwa waya, wanda ba a san wanda ya fara yin sa ba, ba shi ne ingantaccen labarin da malamai suka sharɗanta ba. Ko da surukinka ne ya bugo, mutumin kirki wanda ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba, tambaye shi ko shi ya gani da idonsa. Mafi yawan lokuta zai ce maka a rediyo ya ji, ko an ce an gani a wani gari. Idan ma ya tabbata hukumarsu ta yi sanarwa, hanyar da ta dace ita ce labarin ya isa ga masu yanke hukunci a nan, su auna shi da abin da ke hannunsu, ba kowane magidanci ya zama alƙalin gidansa ba.

Hujjar wannan ita ce hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa azumi shi ne ranar da kuke azumi, shan ruwa ranar da kuke shan ruwa, layya kuma ranar da kuke layya, kuma Tirmizi ya kawo fassarar malamai cewa ana nufin yin su tare da jama'a da mafi yawan mutane. Imam Malik ya tafi nesa da haka a cikin Muwaɗɗa, inda ya ce wanda ya ga watan Ramadan shi kaɗai ya yi azumi, amma wanda ya ga watan Shawwal shi kaɗai kada ya sha ruwa, don kada marasa amana su samu ƙofar cewa su ma sun gani. Ka dubi wannan da kyau. Mutumin da ya ga jinjirin Shawwal da ƙwayar idonsa an hana shi ya yi Sallah shi kaɗai, to ina ga wanda aka bugo wa waya?

Sai tambayar sama, wadda na fi daɗewa ina bibiya. Wata yana kammala zagayensa daga haihuwa zuwa haihuwa cikin kimanin kwana 29 da awa 12 da minti 44, shi ya sa shekarar Hijira take da kwana 354 ko 355, take kuma gaza shekarar rana da wajen kwana 11, har azumi ya zagaya damina da hunturu da bazara cikin kusan shekara 33. A ƙarshen kowane wata akwai lokacin da wata yake shiga tsakanin duniya da rana, fuskarsa mai haske ta juya mana baya, wannan shi ne abin da masana falaki suke kira haihuwar wata. Daga nan yakan riƙa nisantar rana da kimanin rabin digiri a kowace awa. Kafin ido ya iya kama shi sai ya ba rana tazarar da ba ta gaza digiri 7 ba, sai kuma ya saura a sama bayan faɗuwar rana har jan yamma ya ɗan dushe. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsirara yana da wajen awa 15 da rabi da haihuwa, shi ma ƙwararren mai duba ne a sama mai tsabta. Mu kuwa da muke fama da hazo da ƙurar bazara, galibi sai wata ya fi haka daɗewa da haihuwa.

Wani maraicen 29 ga Sha'aban na fita da ɗalibai bayan gari, wurin da fadama ta buɗe babu itatuwa a yamma. Rana ta faɗi ba da jimawa ba sai wani saurayi ya ɗaga hannu yana kabbara, yana rantsuwa ga shi can. Muka bi yatsansa, lalle akwai wani siririn farin zare a sama. Na ce masa ya miƙe hannunsa ya auna da dunƙulen hannu daga inda rana ta faɗi zuwa abin, sai ya samu dunƙule uku, wato wajen digiri 30, nisan da sai watan kwana biyu ko uku yake kaiwa. Na ce mu jira. Kafin minti biyar zaren ya yi faɗi, ya karye, ya watse, ashe hayaƙin da jirgin sama ya bari ne hasken rana ya haska shi daga ƙasa. Yaron nan ba maƙaryaci ba ne, kuma da a gaban alƙali ya tsaya da ya rantse da zuciya ɗaya. Haka tauraruwar nan Zara matar wata takan ruɗi mai duba idan ta fito cikin jan yamma, haka guntun gajimare. Shi ya sa tsofaffin alƙalai sukan tambayi mai shaida ta wane gefen mafaɗar rana ya gan shi, ina ƙahoninsa suka fuskanta, kuma ya daɗe nawa kafin ya faɗi. Doron jinjirin wata kullum yana ɓangaren rana, ƙahoninsa suna kallon nesa da ita, a wajenmu yakan zauna kamar ƙwarya da ɗan karkace. Wanda ya ce ya gan shi a kife, ba wata ya gani ba.

Misali mafi kusa da tambayarka shi ne na 2022. A shekarar Nijar ta yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi 1 ga Mayu, Nijeriya kuma ta cika talatin ta yi ranar Litinin 2 ga Mayu. A ranar Asabar 30 ga Afrilu da aka fita duba, rana ta faɗi a yankinku wajen ƙarfe 7, alhali ba a haifi watan ba sai ƙarfe 9:28 na dare agogonmu, kuma a daidai wannan lokaci mutanen Chile da Ajantina suna kallon husufin rana, wanda ba ya aukuwa sai wata yana gaban rana sosai. Ban ce wani ya yi ƙarya da gangan ba, kuma jama'ar da suka bi sanarwar shugabanninsu ba su da laifi a wurin Allah, amma abin da aka gani a wannan maraice ba jinjirin Shawwal ba ne. Duk wanda yake shakkar ingancin wannan lissafi ya tuna husufin 29 ga Maris 2006, wanda aka sanar da ranarsa da sa'arsa tun da wuri, kuma da hantsi gari ya yi duhu a Gusau da Katsina kamar yadda aka faɗa. Lissafin da ya san wannan shi ne ya san lokacin haihuwar wata.

To ko za a ajiye duba a koma lissafi kacokan? Mafi yawan malamai sun ce a'a, kuma Halil ya faɗa ƙarara cewa wata ba ya tabbata da maganar mai lissafin taurari. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya bayyana dalilin da ya sa muke karɓar lissafi a lokutan salla amma ba mu karɓe shi a azumi ba: shari'a ta rataya Azahar a kan karkatar rana ita kanta, ta kowace hanya aka san ta, amma ta rataya azumi a kan gani. A wani ɓangaren kuma Taƙiyuddin Subki, alƙalin alƙalan Sham wanda ya rasu a 756 bayan Hijira, ya ce idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba, to a mayar da shaidar masu cewa sun gani, domin shaida zato ce mai ƙarfi, kuma sharaɗin karɓarta shi ne abin da aka shaida ya zama mai yiwuwa. A 1939 malamin hadisin nan na Masar, Ahmad Shakir, ya yi kira a dogara da lissafi gaba ɗaya, kuma Turkiyya a kan lissafi take tafiya a yau. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa gani ne abin dogaro, a kuma nemi taimakon lissafi da na'urorin hangen nesa. Ni abin da na gamsu da shi shi ne matsayin Subki: kada a tsayar da wata da lissafi, amma a kore da shi abin da ba zai yiwu ba. Wannan ba aikin 'yan duba ba ne, ba kuma bokanci ba ne. Malaman zaurenmu sun daɗe suna lissafin manzilolin taurari 28 suna gaya wa manoma lokacin shuka, babu wanda ya kira su bokaye.

Batun bin Saudiyya gajere ne. Darajar Makka da Madina ba ta sa ganin watan can ya zama wajibi a kan kowa, kuma manyan malamansu da kansu suna ba da fatawar mutum ya yi azumi tare da ƙasar da yake zaune. Su ma kuskure yakan same su, domin a 1404 bayan Hijira, wato 1984, sun azumci kwana 28 sai da aka umarci jama'a su rama guda. Rana tana faɗuwa a Makka awa biyu da wani abu kafin ta faɗi a Birnin Kebbi, kuma a wannan tsakani wata yana ƙara girma, saboda haka yana yiwuwa mu gani su ba su gani ba. Ko a cikin Arewa, mu mutanen Kebbi muna cikin na ƙarshe da rana take faɗuwa a kansu, muna bayan Maiduguri da fiye da rabin awa, don haka nauyin fita duba ya fi hawa kanmu. Kalandar da ke cikin wayarka kuwa galibi ta Ummul Ƙura ce, wadda aka tsara da lissafi don ayyukan ofis a Saudiyya, kuma ko a can ba da ita ake ɗaukar azumi ba, kotun ƙoli ce take sanarwa.

Za ka kuma ji masu cewa, idan suka ga wata ya fito da girma a daren farko, ai wannan ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya. Irin wannan magana ta faru tun zamanin sahabbai. Muslim ya ruwaito cewa wasu masu zuwa Umra sun ga wata, waɗansu suka ce ɗan dare uku ne, waɗansu suka ce ɗan dare biyu, da suka tambayi Ibnu Abbas sai ya mayar da su ga daren da suka gan shi. Watan da ya kuskure wa ido jiya da ƙyar, yau ya ƙara awa 24, dole ya fito da kauri ya kuma jima a sama.

Ga abin da za ka yi a gidanka. Muddin kuna Kamba, ku ɗauki azumi ku ajiye da sanarwar Sarkin Musulmi. Ka zaunar da maiɗakinka cikin lumana ka bayyana mata cewa tsoron da take ji na azumtar ranar idi tsoro ne mai kyau, domin haramun ne, amma ranar idi a kanta ita ce ranar da jama'ar garin da take ciki suka fita masallacin idi, kuma idan an yi kuskure a sanarwa ba ita za a tambaya ba. Idan ƙarshen wata ya same ta a gidan iyayenta a Gaya, ko kai kasuwa ta tsallaka da kai, ku yi Sallah tare da mutanen can, sannan ku ƙirga kwanakinku: in sun kai 29 babu komai a kanku, in sun tsaya a 28 ku rama guda bayan Sallah. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya tsallaka iyaka da asuba musamman don ya guje wa azumin yini ɗaya. Idan kuma wata shekara kai da kanka ka ga jinjirin wata, kada ka fara da sanya shi a Facebook, ka lura da lokacin da ka gan shi da tsayinsa da inda ƙahoninsa suka fuskanta, ka nemi wanda ya gani tare da kai, ku tafi wurin limamin Juma'a ko hakimi a daren, domin a isar da shi fadar Argungu, daga can kuma ya wuce Sakkwato.